Kurmin da Munzali Ya Sare Ta Waya

Duk Bahaushen da ya zauna Doha a shekarun nan na dubu biyu da 'yan kai, in dai yana leƙa inda ake taruwa ranar Juma'a a Gharrafa, bayan wani kantin 'yan Indiya mai sayar da shayi da katin waya, to ya san Munzali mai tanka. Gajere ne kakkaura, mai tafiyar mutumin da kullum yake ganin ya makara. Hausarsa ma daban take, sai ka ji ya jefa "abi" ko "sha" a tsakiyar zance, don a Kudu aka haife shi, wani ƙauye na ƙasar Ishan a bayan Uromi. Shi ya sa abokinsa Ghali, wani Bakano mai gadi a ɗaya daga cikin dogayen benayen West Bay, ya raɗa masa Ɗan Kurmi. Munzali bai so sunan ba, sunan kuwa ya zauna daram.

Mahaifinsa, Malam Ja'afaru, mutumin Ikara ne. Fataucin goro ya kai shi Kudu yana saurayi, jari ya karye, kunya ta hana shi komawa gida hannu rabbana, sai ya shiga tsagar roba a gonakin mutane. Aiki ne na sammako. Ka bi bishiya ɗaya bayan ɗaya da 'yar wuƙa mai lanƙwasa, ka fere ɓawon siriri a karkace, farin ruwan ya biyo tsagar ya riƙa ɗiga cikin ƙoƙo. Ka zurfafa wuƙa ka ji wa itacen ciwo, ka yi sama-sama ka tashi a banza. Ja'afaru ya iya hannunsa, ga shi ba ya taɓa kayan kowa, har dattawan ƙauyen suka yanka masa fili a gefen gari suka ce ya shuka tasa. Ya je Ikara ya auro Atine ya kawo ta. Daga nan babu wanda ya sake taka Arewa a cikinsu, sai dai saƙon gaisuwa a bakin fatake.

Gonar Ja'afaru, in ka gan ta, ba za ka ce da niyya aka shuka ta ba. Roba nan, kwakwar manja can, ga ogbono, ga namijin goro, ga ayaba ta cusa kai inda ta ga dama. Daga ƙasa kuma, inda filin ya gangara, wani kurmi ne mai duhu wanda rana ba ta taɓa ƙasarsa, a gindinsa akwai idon ruwa yana tsatsowa daga ƙarƙashin saiwoyi. To, ƙasar Ishan tudu ce, ruwa na da nisa, sai a haƙa rijiya har mai haƙa ya gaji bai ga danshi ba. Da damina kowa na tarar ruwan sama, amma da rani ƙauyen kaf a wannan idon yake sha. Hanyar zuwa can kuwa ta ƙofar ɗakin Atine ta bi. Tun da sassafe mata ke wucewa da jarkoki da manyan kwanoni a ka, kowace sai ta tsaya ta gaishe ta da yarensu, ita ma ta amsa da shi, don ta iya shi tsaf. Babbar ƙawarta Mama Ehi, wadda ta karɓi haihuwar Munzali da ta ƙaninsa Auta, ba ta wucewa sai ta sauke kwano sun taɓa hira.

Wurin yana da dokarsa tun kafin zuwan Ja'afaru. Ba a shiga da adda, ba a wanki da sabulu a bakin idon, ana cire takalmi, tsofaffin mata kuma kan ɗaura farin ƙyalle a jikin wata babbar bishiya. Gangaren yana cikin filin da aka yanka wa Ja'afaru, kowa ya san haka, amma har ya koma ga Allah bai sare ko reshe ba. Ƙyallen bai taɓa ɗaurawa ba, bai kuma taɓa kwancewa ba. Bai ce wa 'ya'yansa ga dalili ba, don shi ba mutum ne mai bayani ba.

Atine kuwa a kurmin nan da gefensa take samun na cefane. Katantanwa da damina, naman kaza, 'ya'yan ogbono da suka faɗo, ganyen ƙunsa alala, busassun itatuwan girki, ta tsinto ta kai kasuwa. Abin nan yana ci wa Munzali rai tun yana yaro. Ya ga uwarsa a duƙe cikin ganye, ƙafa duk kaushi, hannu duk karce, tana tsince-tsince kamar wadda ba ta haifa ba. Ranar da aka binne Malam Ja'afaru a gefen gonar ta sama, ya ɗaukar wa kansa abu guda: Inna za ta huta, a ɗakinta, a ƙasar da mijinta yake kwance, cikin mutanen da ta saba da su. Ba gidan bene ya sa a gaba ba, ba mota ba, aure ma ya ce sai ya dawo. Wannan ne ya fito da shi Qatar a shekarar dubu biyu da uku, ya bar wa Auta wuƙar tsaga.

Da yake ya yi yaron mota har ya zama direban tifa a Uromi, sai aka ba shi tankar ruwa a wata gona a Umm Salal. Gonar kafil ɗinsa ce, wato wanda ya ɗauki nauyin shigowarsa ƙasar, wani dattijo ɗan ƙasa mai son itatuwa fiye da yadda yake son hira da mutane, amma ba mugu ba ne. Ranar farko Munzali ya tsaya ya saki baki. Dabino a jere kamar sahun salla, magarya a jere, darbejiya a jere a bakin katanga, kowace bishiya da ɗan gurbinta da baƙin tiyo yana ɗiga mata ruwa. Tsakanin layi da layi fes, ko tsinke babu. Inda tiyo bai kai ba nan ne aikinsa: ya cika tanka a famfo, ya bi layi yana zubawa, ya koma ya sake cikawa. Sammakon tsagar roba bai bar jikinsa ba, kafin sauran ma'aikata su gama miƙa, shi ya yi nisa, shi ya sa kafil ke ji da shi.

Abin da shekara biyu a kan tanka ta koya masa shi ne itace maƙoshi gare shi. Ka juye wa dabino guda ruwan da zai ishi gida guda wanka, ka juya baya, ƙasa ta bushe ƙayau. Ka yi fashi kaɗan da zafi, ganye ya fara nuna maka. Wannan ilimin da idonsa ya gani, ya kuma yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Wata Juma'a wani ɗan Auchi da ya dawo daga hutu ya kawo masa hotuna daga Auta. Munzali na murna ya miƙa wa Ghali. Ghali ya juya hoton sama, ya juya shi ƙasa.

"Ina gonar take?"

"Ga ta nan kana kallo."

"A'a, wannan ai inda ɓarayi ke ɓuya ne. Ɗan Kurmi, wai nan ne gadon da kake cika mana baki da shi? Ka tabbata babu biri a cikin magada?"

Aka kwashe da dariya. Ghali ba da mugunta yake yi ba, bakinsa ne haka, ko liman ne ya gitta sai ya taɓa shi. Kuma mutum ne da a Fagge aka haife shi, ko albasa bai taɓa shukawa ba. Amma maganar ta sami Munzali a inda yake da rauni. A can Ishan ce masa ake Bahaushe, a nan Doha Hausawa na ce masa ɗan Kudu, abin da yake da shi na nunawa a duniya gonar nan ce kaɗai. Ya yi dariyar yaƙe ya mayar da hotunan aljihu. A motar komawa Umm Salal ya fito da su ya sake dubawa da idon wanda ya saba da dabino a layi, sai ya ga lallai gonar babansa daji ce.

Lokacin kuma roba ta yi daraja, masu saye suna bin ƙauyuka da sikeli suna roƙo. Auta ya ba shi labarin ana samun dashen roba mai aure, wadda ke ba da ruwa fiye da tsohuwar nesa ba kusa ba. Munzali ya tsara abinsa a ka yana tuƙi: a cire duk itacen da ba roba ba, a sare kurmin gangare, a fesa maganin ciyawa, a ja igiya a dasa a layi har bakin idon ruwa. In ta isa tsaga, Inna ba ta ƙara duƙawa neman katantanwa.

A gonar akwai mai kula da famfo, Bargis, wani dogon mutumin Kerala ta Indiya, wanda shi ma a cikin roba ya tashi. Su biyun sukan zauna a inuwar ɗakin inji su yi hirar tsaga da guntun Larabcin leburori, abin da baki ya kasa hannu ya ƙarasa. Munzali ya nuna masa hoton, ya zana masa layuka a ƙasa da tsinke. Bargis ya ɗora yatsa a kan duhun da ke ƙasan hoton.

"Nan mene ne?"

"Ruwa. Ido ne, gari duka na sha."

"To bar nan, aboki. Gyara sama, nan ka bari. A garinmu mun mayar da tudu guda roba zalla, muka share ƙasa tas. Rijiyar babana yanzu rabin shekara take yi a bushe."

Munzali ya girgiza kai, har da ɗan murmushin tausayi. Ya nuna masa tankar da ke tsaye a rana. "Ni da kai wa ya fi sanin abin da itace ke sha? Kullum ni ke ba su. Manyan itatuwan can su ke shanye ruwan tun kafin ya fito. A cire su, idon ya huta, ruwa ya ƙaru."

Bargis ya buɗe baki, Larabcin ya ƙare masa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Khalas, shi ke nan, gonarka ce," ya tashi ya koma wurin famfonsa.

Abin haushin shi ne a Umm Salal maganar Munzali gaskiya ce. Inda ba a ruwan sama, itace sha kawai yake yi. Amma inda sama ke zubowa wata da watanni, ganye ne ke tare ruwan, ruɓaɓɓen ganyen ƙasa ya riƙe shi, saiwa ta buɗe masa hanya ya nutse, ya riƙa fitowa a hankali har rani ya wuce. Munzali a cikin wannan ya tashi, yana taka shi kullum, amma ba wanda ya taɓa faɗa masa, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Ranar Juma'a ake waya. Auta kan ɗauko Inna a babur su hau bakin kwalta inda ake samun sabis, Munzali kuma ya kankare kati ya koma bayan kanti. Da yake shi ne ɗan fari, Atine ba ta kama sunansa, ba ta kuma doguwar magana da shi. "Yayan Auta" take ce masa, in ma ta ce.

"Inna, so nake a gyara gonar nan."

"Me ya same ta?"

Ya zayyana mata komai, layi, taki, roba mai aure. Ta saurara har ya zo kan gangare.

"Babanku bai taɓa wurin ba."

"Baba baƙo ne a lokacin, Inna, dole ya bi su a hankali. Mu a nan aka haife mu. Kuma ƙyallen nan da suke ɗaurawa, kin san ba namu ba ne."

"Na san ba namu ba ne. Ruwan fa?"

"Ƙaruwa zai yi. Aikina ke nan a nan, Inna, ruwa da itace. Na san abin da nake faɗa."

Ta yi shiru har ya zaci layin ya yanke. Can ta ce, "To. Allah ya sa haka ya fi alheri."

Da Auta ne ya kawo mata maganar, da ta wanke shi tas tun kafin ya rufe baki. Amma ɗan fari ne, ga shi a ƙasar mutane yana shan rana dominta, sai kunya ta hana ta ja da shi. Shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin yarda, don haka yake so ya ɗauka.

Da ranin farkon dubu biyu da shida injin yankan katako ya shiga. Dattawan gari suka zo suka tsaya a ƙofar Atine da sandunansu. Auta ya hau kwalta a guje ya yi wa yayansa filashin, Munzali ya kira yana kan tanka.

"Yaya, sun ce a dakata."

"Filin na wa ne?"

"Namu ne."

"Sun ce ba namu ba ne?"

"A'a. Sun ce dai ba a taɓa yi ba."

"To a ba su haƙuri, a kai musu goro, a ci gaba."

Samarin garin kuwa su ne ma masu injin, su aka bar wa katakon, don haka ba wanda ya saurari tsofaffi. Mama Ehi ta zo ta zauna a tabarmar Atine, tana kallon gangaren ana kayar da itatuwa. Atine ta ce mata, "Yara ne." Kafin ruwan farko aka gama, aka sa wuta, aka ja igiya.

Damina ta sauka, dashe ya kama. Ruwan idon ya koma ja, sai an tace ake sha, amma ya ƙaru, har ya yi 'yar ƙorama yana gudu. Auta na faɗa masa, Munzali ya taka har ɗakin inji ya ba Bargis labari, yana murza hannu. Bargis ya tambaye shi wane lokaci ake ciki a can. Ya ce damina. Bargis ya ce, "Uhm," ya ci gaba da goge injinsa.

Sababbin hotuna suka iso: jar ƙasa fes, ƙananan roba a layi har iyakar gani. Wannan karon Ghali hula ya cire. "Yanzu na ga gona. Jama'a, Ɗan Kurmi ya waye." Hoton ya zaga hannu-hannu, har wani injiniya ɗan Katsina da ke aiki a kamfanin gas ya ce in ya yi ritaya irin wannan yake so. Shekarar nan Munzali bai je hutu ba. Doha na shirin gasar wasannin Asiya, ana ta dasa itatuwa a bakin tituna, kafil ya ba da hayar tankar, shi kuma ya ce gara ya zauna ya riƙa tura kuɗin taki da feshi. Yana bin titi yana ba dashen gwamnati ruwa, zuciyarsa fari tas. Bai taɓa jin daɗin kansa irin na wannan shekarar ba.

Abin bai zo gaba ɗaya ba. Da farko Auta ya ce iska ta karya wasu tsofaffin roba, ashe kurmin ne ke tare musu ita. Sai ya ce ruwan sama ya zaizaye gangaren, ya kwashe ƙasar sama ya jibge ta a kan idon, sai da suka haƙe da shebur. Katantanwa ta ɓace, naman kaza ya ɓace, wannan ma daɗi Munzali ya ji, ya ce Inna ta huta. Ranin da ya biyo ruwa ya ragu, mata na zaune da ƙoƙo suna jira ya taru. Munzali ya ce ranin bana ne ya yi tsanani, ko'ina haka ne. Damina ta sake zuwa ta sake binne idon. A rani na gaba, tun bai yi nisa ba, filashin ɗin Auta ya shigo, kuma ba ranar Juma'a ba ce.

"Yaya, ya ƙafe."

"Ku haƙa."

"Mun haƙa har ƙirjina. Laka ce, ita ma ta fara tsagewa."

"To ina ake ɗiba?"

"Kogi. Can ƙasan kwari, inda muke zuwa kamun kifi da muna yara."

Munzali ya san wurin. Namiji mai ƙarfi ma in ya tafi da safe ba kaya sai hantsi ya dawo, hawan kuwa a tsaye yake. Ya kashe waya ya zauna a matakin tanka. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da jirgi ya fara tashi da shi.

Mutum ne mai son gyara, sai ya hau gyara. Ya sa Auta ya nemo masu haƙa burtsatse. Suka zo suka duba, suka ce injinsu ba ya kai zurfin ruwan tudun nan. Ya sa a riƙa kawo wa Inna ruwan saye daga Uromi a cika mata duro. An kawo, ta aika wa maƙwabta su zo su ɗiba, ba wadda ta zo. Ya koma wurin Bargis, wannan karon ba murmushi. Bargis mutumin kirki ne, bai tuna masa komai ba. Ya ce a shuka wake mai yaɗo ya rufe ƙasa, a datse gangaren da duwatsu a gicciye, a cire roba daga kan idon a mayar da itatuwan daji.

"Sai ruwan ya dawo?"

"Wataƙila."

"Yaushe?"

Bargis ya sa tafin hannu daidai gwiwa, yana nuna tsayin dashe, ya riƙa ɗaga shi a hankali, ya wuce ƙirji, ya wuce kai, har hannun ya miƙe ya ƙare, kuma bai ce ya isa ba.

Munzali ya je wurin kafil neman hutu, don fasfo a hannunsa yake, kuma ba a fita ƙasar sai ya sa hannu. Dattijon ya saurare shi tsaf, har ya tambayi lafiyar uwar. Da ya ji ba ciwo ba ne, maganar ruwa ce, ya ce, "Zafi na shigowa, ya Munzali. In ka tafi yanzu wa zai ba itatuwana? Bayan zafi, in sha Allah. Yalla, je ka." Munzali ya fito. Bai ma ga laifinsa ba, ya san abin da zafin Qatar ke yi wa itacen da aka bari.

A can gida ba wanda ya zagi Atine. Ba a kai ƙara ba, ba a ce su tashi ba, samarin da suka ci katako ma ba su da bakin magana. Hanyar ce dai ta mutu. Mata sun koma bin ɗaya gefen gari zuwa kogi, busasshen ganye ya rufe turbar ƙofarta. Sai ta wuni ba ta ji muryar kowa ba sai ta Auta. A kasuwa a gaishe ta a taƙaice a wuce. Ga ruwa a duro, ga abinci, ba ta duƙawa, ba ta tsintar komai don babu abin tsinta. In Munzali ya tambaye ta a waya sai ta ce, "Lafiya lau. Ina hutawa." Maganar na sukarsa, don ya san ba ta iya habaici ba, gaskiyarta take faɗa.

Wata Juma'a ana cikin hira a Gharrafa ya koma bayan kanti ya kira kamar kullum. Auta ya ɗauka, sai hayaniya, 'yan kamasho na ta kiran Abuja, Kaduna, Zariya.

"Ina kuke haka?"

"Tasha, Yaya. Ga Inna."

"Yayan Auta, kana lafiya? Ya aiki?"

"Inna, me kike yi a tasha?"

"Ikara za ni. Wurin 'ya'yan ƙanena."

"Biki ake yi?"

"Ba biki. Na kwashe kayana."

Ya jingina da bango. "Wa ya ce ki tashi? Faɗa mini wanda ya yi miki magana."

"Ba wanda ya yi mini magana. Da sun zage ni ma da na zauna, a yi ta ta ƙare." Ta numfasa. "Ran kasuwa na shiga gari sayen gishiri, na hango Mama Ehi tana hawowa daga kwari da jarka a ka. Ta girme ni, ka sani. Tana tafe tana dafa gwiwa, ta yi taku kaɗan ta tsaya. Ni kuma na baro duro cike a gida. Sai na ga na laɓe a bayan wani ɗaki har ta wuce. Tun da babanku ya kawo ni garin nan ban taɓa ɓuya wa mutum ba. Ba zan iya wannan zaman ba."

"Inna, ki jira ni. Bayan zafi zan zo, wallahi zan gyara. Za a mayar da itatuwan."

"A mayar, yana da kyau. Auta na nan."

"Kabarin Baba fa?"

"Na je na yi masa addu'a da safe. Zan ci gaba daga can."

"Wa kika sani a Ikara yanzu? Rabonki da can tun ba a haife ni ba."

"Zan san su. Robarka ta yi kyau, ta fi Auta tsawo. Ban riƙe ka da komai ba, ka ji? Domina ka yi. Direba na kira, sai an jima."

Ya daɗe a bayan kantin da waya a hannu. Ga baƙin ciki, kuma ba shi da wanda zai ɗora wa, ba Ghali ba, ba kafil ba, ba samarin inji ba. Ya share fuska da hannun riga ya dawo cikin mutane.

"Ɗan Kurmi, ya mutan gida?" in ji Ghali. "Ya gonarmu ta zamani?"

"Lafiya. Inna ce ta yi tafiya."

Ghali ya dubi fuskarsa. Ya tura masa kofin shayi.

Munzali ya yi zafin nan a kan tanka, bai yi fashi ba, itacen kafil ko ɗaya bai mutu ba. A can Auta ya cire roba daga kan idon, ya shuka waken, ya tono 'yan itatuwan daji ya dasa, wasu sun kama. Dattawa sun zo sun duba sun tafi. Da zafi ya sauka kafil ya cika alkawari, ya miƙo masa fasfo, ya aike shi ofishin masu tikiti. Ma'aikacin ya tambaye shi, Legas ko Kano? Da ma Legas ce hanyarsa, daga can ya hau motar Uromi. Ya tsaya wasiwasi har na bayansa suka fara tsaki, sannan ya ce Kano.

Juma'ar ƙarshe kafin ya tashi ya ja Ghali gefe, ya rage murya, ya tambaye shi a wace tasha ake shiga motar Ikara in an sauka Kano, don shi bai taɓa zuwa garin ba, kuma can uwarsa take yanzu.